Ruwan da Ya Ƙi Fita daga Takalmin Arbey

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana kamar masu littafi ba. Kuma a ɓoye nake yi, a ɗakin ajiyar dankali, don a gidan nan an hana a ta da maganar. Ni kuwa in ban faɗa ba zuciyata fashewa za ta yi.

Akwai wani saurayi a garinmu mai suna Arbey, ɗan Gwaggo Herminda da nake zaune a wurinta. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, kuma tsakani da Allah ya iya babur. Yana cikin samarin nan masu manyan babura da suke barin kwalta su shiga duwatsu. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishi mutum goma: son a gani. In ya sayi abu, sai kowa a gari ya gani, har karnuka. Kuma ba a ba shi shawara. Kana cewa "da ka yi kaza", shi ke nan ka zama mai hassada.

Yana da ƙanwa, Nayibe. Ita keke ne rayuwarta. Tun tana ƙarama take hawa tudun garinmu da tsohon keken babansu, da garwar madara ɗaure a baya, har ta zo tana wuce maza. Wata ƙungiyar tseren keke ta mata za ta yi gwaji a birnin Sogamoso. Wadda aka ɗauka, a ba ta keke, a ba ta makaranta. Nayibe kuwa shekarunta sun kai iyakar da suka sa, in ta rasa bana ta rasa har abada. Mai horar da ita ma ya riga ya wuce da kekenta a mota, saura ita ta bi shi.

Ana cikin haka Arbey ya je birni ya sayo takalmin babur, irin mai dogon wuya har ƙasan gwiwa, da maɗaurai a gefe, wanda ruwa ba ya ratsawa. Lambar ƙafarsa akwai, amma baƙi ne. Ja kuma saura guda ɗaya, lamba ɗaya ƙasa da tasa. Ya gwada shi da safe da 'yar siririyar safa, ya cusa ƙafa da ƙyar, ya ce ya yi. Ko ni da ba na hawa babur na san ƙafa tana kumbura in rana ta yi. Shi dai ja yake so.

Da ya dawo, Gwaggo ta miƙa masa safar ulu da ta saƙa masa, ta ce, "Ungo, can sama sanyi ba ya wasa."

Ya ce, "Mama, wannan takalmin ba ya son safar tsofaffi."

Nayibe ta ce, "Yaya, takalmin ne ba ya so, ko ƙafar ce ba za ta shiga ba? Ga ka nan kana tafiya kamar agwagwa ta taka ƙaya."

"Ke, mai ƙafar sauro, tsaya a kekenki. Zai saki."

Bai saki ba. Irin wannan takalmin ba ya saki.

Ana gobe gwaji, ƙasa ta zaftare ta rufe babbar hanya, mota ba ta wucewa. Sauran hanya ɗaya ce, tsohuwar hanyar laka da ta haura saman tsauni, inda ba bishiya sai ciyawa da hazo. Nayibe ta zauna a bakin ƙofa, hannu a kumatu. Arbey ya bugi ƙirji ya ce shi zai kai ta, hanyar nan ya san ta kamar tafin hannunsa. Gaskiya kuwa ya san ta. Nayibe ta yi tsalle ta rungume shi.

Abokinsa Gildardo ya kawo wa Nayibe aron hular kwano da rigar ruwa. Hadari ya riga ya haɗu. Gildardo yana ganin Arbey ya fito, sai ya fashe da dariya. Arbey ya sa wandon ruwa, amma ya cusa ƙafafun wandon a cikin takalmi, don jan ya fito fili.

Gildardo ya ce, "Kai, jan ƙafa! Wa ya koya maka wannan? Wando a kan takalmi yake sauka, ba a ciki ba. Ka taɓa ganin indararo ya juyo tsakar ɗaki?"

"In na rufe shi, wa zai san na saya?"

"To wa zai gan ka a can sama? Tumaki?"

"Ruwa ba ya shiga takalmin nan. Ka tara kuɗi ka sayi naka, sai ka san magana."

Nayibe ta ce a hankali, "Yaya, don Allah ka fitar da wandon mana. In mun shiga gari sai ka mayar."

Ya ce, "Za ki hau ko ba za ki hau ba?"

Ta hau. Ina za ta yi?

Tun ba su yi nisa ba ruwa ya kece. Nayibe tana baya, ta riƙe shi gam, tana leƙen ƙasa. Da idonta take ganin ruwa yana gangarowa daga rigarsa, ya bi wando, ya zarce cikin bakin takalmi, kamar ana ɗura kwalba. Ta bubbuga masa kafaɗa. Ya ɗaga hannu, wai ta bar shi. Suna ƙara hawa, sanyi yana ƙara cizo. Ta lura giyar babur ma da ƙyar yake sawa, sai ya laluba ya laluba.

A can ƙololuwa akwai wata bukka inda wata mata take sayar da ruwan mazarƙwaila mai zafi da cuku. Suka tsaya. Nayibe ta yi hamdala a ranta, ta ce yanzu zai cire ya zubar, ya ɗumama ƙafa. Ashe tsiya tana ciki tana jira. Wasu baƙi biyu ne masu babura suka fake a wurin. Arbey yana shiga, ɗayansu ya ce, "Kai, maigida, wannan takalmi ya haɗu! Yana riƙe ruwa kuwa?"

Arbey ya miƙe ƙafa gaba, ya ce, "Ƙafata a bushe take kamar garin masara."

Alhali kowane taku sai ka ji caɓal, caɓal.

Nayibe ta ja shi gefe, ta rage murya don kada ta kunyata shi. "Yaya, ka cire. Ka zubar da ruwan. Gangare ne a gabanmu fa."

"Ki yi mini shiru."

"Kana jin yatsunka? Motsa su in gani."

Ya dubi takalmin. Ta gane daga fuskarsa. Ba ya jin su. Kuma ya san in ya cire, ƙafar ta kumbura, ba za ta koma ba, ga mutanen da ya gama yi wa cika baki suna kallo.

Ta ce, "Yaya, gobe ne fa. Gobe kaɗai nake da ita."

Ya ce, "Na taɓa kayar da ke? Sha abinki mu tafi."

Duk mai hawa dutse ya san wannan: a gangaren laka birkin baya ake takawa, da ƙafar dama, a hankali, kamar mai taka ƙwai. In ka damƙi birkin hannu, tayar gaba ta zame, ƙasa ce makomarka. Arbey ya sani. Shi yake koya wa wasu ma. Amma ƙafar da aka matse, aka jiƙa a ruwan ƙanƙara tun hantsi, ai ta zama itace.

Sun zo wata kwana mai santsi, babur yana ƙara gudu. Nayibe ta ga ƙafarsa tana taka iska, a gefen birkin, shi kuma bai ma sani ba. Ta yi ihu, "Birki, Yaya! Ba ka taka ba!" Ya firgita, ya damƙi na hannu. Tayar gaba ta tafi. Babur ɗin nan mai nauyin saniya ya kwanta da su, ya danne wa Nayibe ƙafa a kan dutse. Ta ce ta ji ƙarar kafin ta ji zafin.

Shi kuwa ko ƙwarzane. Babur ya bugi idon sawunsa, amma takalmin ya tare. Ku ji fa!

Baƙin nan biyu ne suka iske su, suka ɗaga babur, suka nemo motar da ta sauko da ita. Nayibe ta isa Sogamoso, amma a gadon asibiti. Washegari aka yi gwaji, aka ɗauki waɗanda aka ɗauka. Mai horar da ita ya dawo da kekenta, yanzu yana rataye a nan sama da kaina, ƙura ta fara hawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Arbey ya shiga gari yana cewa an cuce shi, takalmin jabu ne, yoyo yake yi. Gwaggo kuma ta ce ƙaddara ce, ruwan sama na Allah ne, kada wanda ya ƙara ta da zancen. Nayibe kuwa ta daina dariya, ta daina tsokana, sai dai ta zauna tana kallon tudu.

Ran wata Lahadi dangi suka taru cin miyar kaza da dankali, har da Gildardo. Wani kawu ya yi jaje, sai Arbey ya sake ɗaukowa: "Wallahi Kawu, kayan zamani ba amana. Ta ɗinki ruwan ya dinga shiga."

Nayibe ta ajiye cokali. Ta dogara sandunanta ta miƙe, ta shiga ɗakinsa. Aka ji ƙwas, ƙwas. Ta fito da takalmin dama rataye a hannu, Arbey ya goge shi tas yana ƙyalli. Ta dire shi a tsakiyar tebur, tsakanin kwanuka. Ta ɗauki jug ɗin ruwa ta juye a ciki. Ta ɗauki na biyu ta juye, har ya cika baki.

Gwaggo ta ce, "Ke Nayibe, haukacewa kika yi?"

"A'a Mama, yoyo nake nema."

Kowa ya zuba ido. Miya ta huce. Ko ɗigo ɗaya bai fito ba. Gildardo ya shafa ƙasan takalmin, ya ɗaga hannunsa a bushe.

Nayibe ta ce, "Yaya, nuna mini ɗinkin. Abin da bai bar ruwa ya fita ba, ta ina ya bar shi ya shiga?"

Gwaggo ta ce, "Ba a yi wa babba haka a gaban mutane."

"A gaban mutane ya zaɓi takalmi ya bar ni, Mama. Sau uku na roƙe shi a hankali don kada ya ji kunya. Shi ya tsira da kunyarsa, ni ga ƙafata."

Arbey ya dubi dangi ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya taimake shi da kalma, ko Gwaggo. Ƙarshe shi ya tashi ya rungumi takalmin nan cike da ruwa, ya nufi ƙofa da shi, ruwan yana fantsalowa a kan wandonsa, kowa yana kallo. Ai ga shi an gan shi.

Darasin da ke ciki shi ne, kaya don amfani ake saye, ba don ido ba. Takalmin da bai yi maka daidai ba, komai kyansa, ka bar shi a shago. In wanda ya sani ya gaya maka yadda ake sa abu, ka ji, don girman kai rawanin tsiya ne. In kuma ka yi kuskure, ka tsaya ka zubar da ruwan tun kana sama, kunyar ɗan lokaci ba ta karya ƙashi. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu ba haka aka yi ba, wadda take zaune a bayansa ruwan ya doka. Don haka duk wanda ya ɗauki wani a baya, ya sani ba ransa kaɗai ya ɗauka ba, kuma ranar da abin ya faru kada ya laƙa wa takalmi, ko ruwan sama, ko ya ce Allah ne ya... Gwaggo ce take kira, ruwan gashin ƙafar Nayibe ya tafasa. Na'am Gwaggo, ga ni nan, dankali nake ɗebowa!