Masarar Dada

Akwai wata mata a unguwar Bagadaza mai suna Khairiyya, mai zafin nama da zafin baki. Mahaifiyarta Dada ta kwanta ciwo da damina, ba ta iya cin komai sai sabuwar masara.

Kullum Khairiyya takan dafa, ta ajiye mata a kwano, ta wuce shago. In ta dawo sai ta tarar da totuwa fes, har tana yi wa mutane alfahari wai tsohuwarta ba ta wasa da abinci.

Wata rana ta dawo da wuri. Sai ga Zara, 'yar gudun hijira daga Borno da ke haya a gidan, zaune gefen Dada, kwanon a cinyarta, hannunta cikin masarar. Dada kuwa barci ya ɗauke ta.

"Abincin mara lafiya kike ci? Ashe gudun hijirar taku har da sata!"

Duk gidan ya ji. Zara ta ajiye kwanon, ta fita.

Daga ranar masara ta fara dawowa yadda aka kai ta. Dada ta rame, ko zama ba ta iyawa. Hankalin Khairiyya ya tashi ƙwarai.

"Dada, don Allah ki ci."

Tsohuwa ta buɗe baki ta nuna mata dasashi. "Da me zan ci, 'yar nan? Yaushe rabonki da ki dubi bakina? Zara ce ke ɓare mini ƙwayoyin, ta dandaƙa, ta ba ni. Kin kore ta."

Kunya ta rufe Khairiyya. Ta ɗauki kwanon ta nufi ɗakin Zara, ta durƙusa tana kuka.

Zara ta karɓi masara ɗaya. Babban yatsanta duk ya yi kanta.

"Ki fara cire layi ɗaya, Yaya, sauran sai ki tura su da yatsa." Ta mayar mata da masarar cikin kwanon. "Na yafe miki, amma je ki ɓare mata da hannunki. Ni tawa uwar a hanya muka binne ta."

Darasi: Ajiye wa iyaye kwano ba shi ne kula da su ba. Zauna ka duba ko sun iya ci, kuma ka tambaya kafin ka zargi mutum. Ku tura wa duk wanda nasa iyayen ke raye.