Sunaye Biyu Kafaɗa da Kafaɗa

Ku gyara zama. Wannan labarin babu mai ba da shi daidai sai ni, kuma duk wanda ya katse ni sai na cusa sunansa a ciki.

A Malumfashi akwai masu kilishi biyu, Alhaji Barau da Malam Ilu, waɗanda suka tsufa suna hararar juna a bakin tasha. Da ciniki ya ja baya har rufe rumfa ta zo kusa, dattawan unguwa suka zaunar da su, suka yarda su haɗa sana'a, su buɗe shafi ɗaya a intanet don masu saye daga nesa. Amma suka kafa sharaɗi har da rantsuwa: sunan wani ba zai hau kan na wani ba, kuma ba zai riga shi ba. In aka saɓa, kowa ya kama gabansa. Wanda ya gina shafin haka, shi za a ba riƙonsa da sabuwar kwamfuta.

Sallau, ɗan Malam Ilu, yana koyon gina shafi a wani aji tare da abokan karatunsa Nomau da Dije, dukansu sababbin shiga. Abin ya ƙona masa rai. Tsofaffi biyu da furfura, a kan layi guda za su hana gidaje biyu tuwo!

Shi ya fara. Ya zauna da HTML, wato ƙashin shafi, ya rubuta sunayen a kanu biyu, wato manyan rubutun saman shafi, masu girma ɗaya, ya zuba su cikin akwati guda don su zama 'yan ɗaki ɗaya. Cikin ukun shi kaɗai ya iya wannan. Sai dai shi kanu ɗan son kai ne, layi sukutum yake cinyewa ya tura na biye ƙasa. Malam Ilu ya leƙo, ya ce, “Wanne ne nawa?” Aka nuna masa na ƙasa. Ya ce, “Kai ɗan nan, ni na haife ka ko Barau?” Sallau ya yi maza ya mai da uban sama. Alhaji Barau ya gani, ya ce, “To, dama ɗan gida aka ba aikin!” Ya fara neman takalmansa.

Nan Nomau ya shigo. Bai iya gina ƙashi ba, amma ya ɗan kama CSS, wato tufafin shafi da tsarin zamansa. Ya umarci akwatin Sallau ya jera abin da ke cikinsa a kwance, sai ga sunaye biyu kafaɗa da kafaɗa. Da aka duba a wayar Alhaji, dogon sunan nan, Alhaji Barau Mai Kilishin Asali, ya rasa wuri ya zame ƙasa. Nomau ya raba faɗin akwatin biyu daidai, ya hana kowa zamewa. Sallau ya ɗauka an gama.

Ina! Tun da sunan Malam Ilu aka rubuta farko, shi ya faɗo hagu. Alhaji ya buga ƙafa ya ce an sa Ilu gaba. Malam Ilu ya jefar da hula ya ce an mai da shi ƙarshe. Mutum biyu, shafi ɗaya, kowa na rantsuwa shi aka wulaƙanta! Sallau ya ji kamar ya ɗauki kwamfutar ya jefa cikin tukubar kilishi.

Dije ba ta kai su biyun iya rubutun ba, amma ta tsaya tana kallon idon tsofaffin. Alhaji ya yi boko, daga hagu yake fara karatu. Malam Ilu da ajami ya tashi, idonsa daga dama yake kamawa. Ta ce a hankali, “Ku musanya su. Baba Ilu a dama, Alhaji a hagu.” Aka musanya. Alhaji ya duba ya ga kansa a farko. Malam Ilu ya duba ya ga kansa a farko. Suka yi musafaha, kowanne yana tausayin ɗan uwansa a ɓoye. Rumfa ta tsira.

Sai rigima ta dawo kan matasa, don riƙon shafi na mutum ɗaya ne. Sallau ya miƙe, jijiyar wuya a waje, ya ce, “Ni na sha zagin uba da na Alhaji! Ba don akwatina ba, Nomau, me za ka jera, iska?” Nomau ya ce, “Akwatinka da ya kusa raba gari? Ba don ni ba har yanzu wani na kan wani.” Dije ta gyara mayafi ta ce, “Sannunku da aiki. Lokacin da kuka gama gwanintarku, ai hular Baba Ilu tana ƙasa.”

Kwamfuta na nan cikin kwalinta, dattawa sun kasa yanke hukunci. To, ku da kuke zaune kuna ta gyaɗa kai: mai akwati, mai jerawa, ko mai musanyawa, wa za a miƙa wa riƙon shafin?