Farin Kan da Bai Ji Kiran Kamila Ba

Sabo Mai Tantabara mutumin Fagge ne. Shekara goma sha biyu ya yi yana kiwon tantabaru a saman soron gidansu kafin ya zo Dubai. Hannunsa yana da albarka, wannan babu musu. Aibinsa ɗaya ne: bai yarda akwai wanda zai koya masa wani abu game da dabba ba. Idan ka ce masa "na karanta", sai ya ce, "Ni kuma na kiwata."

A unguwar Al Qusais yake aiki, a gidan kiwon ƙananan dabbobi na wani Balarabe da ma'aikata ke kira arbab, wato maigida. An damƙa masa ɗakin feret. Feret wata 'yar dabba ce doguwa mai gajerun ƙafafu, kamar tunku, mai son wasa da shiga lungu. Yawancinsu ruwan ƙasa ne, da baƙi kewaye da ido kamar sun sha kwalli. Akwai zabiya masu jan ido. Akwai kuma waɗanda masu saye ke rububi, wato masu farin layi daga goshi zuwa ƙeya, da masu farin kai fat.

A ɗakin akwai Wasila, 'yar Zariya, wadda aikinta wanke keji da haɗa abinci. Ba ta wuce sakandare ba, amma kullum a cikin metro, jirgin ƙasan cikin gari, idonta yana kan waya, tana karanta duk abin da ta samu game da dabbobin da take yi wa hidima. Tana da wani littafi mai shuɗin bango da take rubuta abin da ta fahimta da Hausa.

Wata Asabar Alhaji Mubashir, ɗan kasuwar Kano mai lodin kwantena, ya zo da 'yarsa Kamila. Shekarunta tara, kuma ba ta gani tun tana jaririya. Tana yini a gidansu na bene a unguwar Al Nahda ba abokin wasa.

"Me kike so, uwata?" in ji Alhaji.

"Wanda zan kira ya zo, Abba. Shi ke nan."

Amma idon Alhaji ya riga ya faɗa kan wani hoto a bango. "Wancan mai farin kan nake so. 'Yata ba za ta riƙe irin na kowa ba."

"Babu shi yanzu, Alhaji," in ji Sabo, "amma ba ni wata huɗu. Zan fitar maka da shi da hannuna. Khalas, an gama."

Washegari ya ɗauko namiji mai farin layi da mace mai farin layi ya haɗa su keji ɗaya. Wasila ta ajiye tsintsiya.

"Yaya Sabo, don Allah dakata. Masu farin nan na kai, da yawansu ba sa ji."

"To, malamar metro ta fara darasi."

"Ba wasa nake ba. Tun suna cikin uwa, abin da ke kai launi ga gashi shi ne kuma ke isa can cikin kunne ya gyara shi. Inda bai kai ba gashi ya fito fari, kuma sau da yawa kunnen ma bai samu ba. Gado ne. Uban nan ma ina shakkar yana ji sosai. Ka haɗa shi da irinsa, ka ninka wa 'ya'yan hatsari."

Sabo ya yi dariya. "Fari da fari na haɗa a Fagge har na fitar da tantabarar da aka zo kallo daga Kurna. Ko ɗaya ba ta kurumce ba."

"Wannan ba tantabara ba ce."

"Jini jini ne. Yalla, maza, kejin can yana jiran ki."

Ta ɗauki tsintsiyarta, amma ta rubuta ranar a littafinta.

Bayan mako shida macen ta haifi shida. Da gashinsu ya fito, huɗu masu farin kai ne fat. Sabo ya ɗauki hoto ya tura wa kowa, har abokansa na Fagge. Arbab ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Habibi, abin ƙaunata, kai ƙwararre ne."

Da suka yi wayo, Wasila ta jira suka juya baya, ta kaɗa makullai a bayansu. Biyu masu ruwan ƙasa suka waiwayo a firgice. Farare huɗu suka ci gaba da wasansu. Ta maimaita a gaban Sabo.

Ya daɗe yana kallonsu. A nan Allah ya ba shi damar gyarawa, amma sai ya tuna da hotunan da ya tura da hannun arbab a kafaɗarsa.

"Ƙuruciya ce," ya ce. "Kada ki faɗa wa kowa."

"Ba zan kai ka ƙara ba. Amma duk wanda ya tambaye ni, gaskiya zan faɗa."

Sabo ya lura cewa duk da ba sa ji, suna jin motsin ƙasa a jikinsu. Sai ya zaɓi mafi kyau, ya sa masa suna Ƙanƙara, ya koya masa wata dabara. Zai kira sunan, ya buga diddige a dandamalin katakon da ke ɗakin, dabbar ta rugo ta karɓi tsokar kaza. Ranar da Alhaji zai zo, ya aiki Wasila ɗaukar abinci a sito. Da Alhaji ya iso, Sabo ya kira, ya buga diddige a ɓoye, Ƙanƙara ya rugo. Alhaji ya ce, "Masha Allah!" aka tafi da shi.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, waya ta yi ƙara. Ƙanƙara ya ɓace a cikin gidan Alhaji. Arbab ya tura Sabo da Wasila.

Suka tarar da gidan shimfiɗe da kafet mai kauri daga ƙofa har ɗaki. Kamila tana zaune a tsakiyar falo, muryarta ta dishe.

"Tun jiya nake kira," ta ce. "Ko ba ya so na ne?"

Sabo ya buga diddige. Kafet ya shanye bugun. Ya sake bugawa da ƙarfi, har Alhaji ya dube shi.

"Malam, rawa ka zo yi ko nema?"

Wasila ta buɗe 'yar kwalbar man kifi da ta zo da ita, ta bi lungu-lungu a durƙushe tana ajiye ɗigo. A bayan injin wanki ta ga farin hanci ya leƙo. Ta jawo shi a hankali, ta sa shi a cinyar Kamila.

Yarinyar ta shafa kansa, ta shafa kunnuwansa. Sannan ta juya fuskarta wajen da take jin numfashin Wasila.

"Anti, me ya sa ba ya zuwa?"

Wasila ta dubi Sabo. Ta ba shi dama ya faɗa da bakinsa.

"Ba ya ji, Kamila," in ji Sabo, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kurma ne. Na sani tun kafin in ba ki. An gargaɗe ni tun kafin a haife shi, na ƙi saurara. Farin kan nan shi ya zo da kurumtar."

Alhaji ya miƙe a fusace, amma Kamila ta riga shi magana.

"Ni ai ban taɓa ganin farin ba," ta ce. "So nake kawai ya ji ni."

Alhaji ya koma ya zauna, domin shi ma maganar ta taɓa shi.

Da labari ya kai wa arbab, ya karɓe makullin ɗakin feret daga hannun Sabo ya miƙa wa Wasila. Ya buɗe littafinta mai shuɗin bango, ta fassara masa shafi uku, ya hana a sake haɗa mai farin kai da irinsa a gidan. Sabo kuwa aka ba shi tsintsiya.

Kamila ta ƙi rabuwa da Ƙanƙara. Sai Wasila ta kai mata ɗan'uwansa mai ruwan ƙasa, irin na kowa, ta ɗaura wa kowannensu 'yar ƙararrawa. Yanzu idan Kamila ta kira, mai ruwan ƙasa ya rugo, farin ya biyo shi a baya, ita kuma ta ji ƙararrawa biyu suna nufo ta. Wasila ta ce ranar da ta fara jin dariyar yarinyar, sai da ta juya ta share ido.

Sabo bai bar aikin ba. Ya yi wata biyu yana wanke keji bai ambaci tantabara ba. Wata rana da azahar ya ajiye wa Wasila kofin karak, shayin madara mai kayan ƙamshi, a kan tebur, ya tsaya yana murza hula.

"Malama," ya ce, kuma wannan karon babu zolaya, "wancan shafin na kunne da launi. Ko za ki karanta mini? Shwaiya shwaiya, a hankali, yadda zan gane."

Ta yi murmushi ba ta ɗago ba, ta matsar masa da kujera.

Darasi: Ƙwarewa a abu ɗaya ba ta mai da mutum masanin komai, kuma ilimi ba ya duba wanda ke riƙe da tsintsiya kafin ya zauna a ƙirjinsa. Sabo ya raina gargaɗi saboda bakin da ya fito, sannan ya rufe kuskure da yaudara, sai wadda ba ta da laifi ta kwana tana kiran abin da ba zai taɓa jin ta ba. Kafin ka bi kyan abu, tambayi me aka rasa wajen samun kyan, kuma wa zai ɗauki nauyin rashin. Idan kuwa ka yi kuskure, faɗe shi da bakinka tun da wuri, domin girman kai rawanin tsiya ne, kuma a gaban jama'a yake warwarewa.