Hannun Itacen Sarki Jatau

A wani zamani can baya an yi wani sarki a garin Tsaunin Gaude, sunansa Jatau. Kububuwa ta sare shi a hannun hagu, sai da aka guntule hannun sannan ya rayu. Wani masassaƙi mai suna Tambai ya sassaƙa masa hannun itace, aka rufe shi da jar fata. Kullum da safe wanzamin fada yakan shafa wa dungun mai a cikin hannun riga, yana shafa wa itacen a lokaci guda, sarki na kallo. A kwana a tashi, sarki ya soma jin shafar a jikin itacen.

Rannan yatsa ɗaya ya tsage. Tambai ya zo gyara, ya ɗora wuƙa a kan yatsan a gaban idon sarki, ya kankara. Sarki ya yi ƙara, gumi ya karyo masa. Ya ce, "Ya yanke ni. A sare hannun da ya riƙe wuƙar."

Aka kai Tambai gungumen da ke ƙofar fada, Hauni mai zartar da hukunci ya hau wasa takobi. A kan katanga kuwa akwai wata tsohuwar ungulu, wadda ta daɗe tana cin abin da gungumen nan yake zubarwa. Ta ce wa sarki, wanda ya fito kallo, "Ranka ya daɗe, hannun nan abincina ne, ba ni da ribar hanawa. Amma na gaji da naman da aka yanka bisa kuskure. Ka taɓa jin labarin Mantau da maɗori?"

Sarki ya ce, "Faɗi, amma ki taƙaita."

Ungulu ta ce, an yi wani maharbi, Mantau, da ya faɗo daga kan kuka ya karye a hannu. Mutumin da ke tarar ɓauna gaba da gaba, amma da aka ce ɗori sai ya ƙi yarda a taɓa shi. Maɗorin garinsu, Kosau, yana da dabarar bi da irin waɗannan jarumai. Yakan ɓoye karyayyen hannu a bayan zana, ya ajiye hannun fatar akuya cushe da ƙaiƙayi a gaban mutum, ya yi ta shafar su tare da gashin zabo, har mutum ya ɗauki na fatar nasa ne. Ganin hannunsa kwance lafiya sai hankalinsa ya kwanta, a ja ƙashi. Kosau ya shirya wa Mantau haka, ya ce, "Kome ya sami na fatar, kada ka motsa. Bari in ba ka labarin Ɗangwani marini."

Kosau ya ce, Ɗangwani ya yi wani ciwo da ya kashe masa hannun dama. Ya duba ya ga hannu baƙi ƙirin da shuni a gefensa, ya mintsine shi bai ji kome ba, sai ya ce atafau ba nasa ba ne. Matarsa ta yi rantsuwa ta yi kuka, a banza. Wata safiya yana zaune bakin murhu, hannun ya zame ya faɗa kan garwashi. Ɗangwani ya ji ƙauri, ya duba, ya ce, "Ku gaya wa mai hannun nan ya zo ya ɗauki abinsa, yana ƙonewa." Kosau ya ce, "Ka ji, Mantau. Wancan ido ya gani fata ba ta ji ba, ya yar da nasa. Kai kuma ido da fata za su haɗa baki su ba ka na akuya."

Mantau ya yi dariya. Aka soma shafa, dariyar ta ɗauke. Ana tsakiyar jan ƙashi sai karensa na farauta ya ji warin fata, ya sure ta ya arce. Mantau ya kurma ihu, ya fizge daga hannun Kosau, ya bi kare. Ƙashi ya huda nama ya fito, shi bai ko waiwaye shi ba. Ya ƙwato fatar, ya rungume ta yana hura mata iska. Hannun gaskiyar ya ruɓe, ya yi ajalinsa.

Ungulu ta ce, "Ni na san ƙarshen labarin, domin ina wurin. Ranka ya daɗe, itace kake rama wa."

Ran sarki ya ɓaci. Ya ce, "Ni na ji zafin, ke kina kan katanga."

Ta ce, "Ka ji, ban ce ka yi ƙarya ba. Sa hannunka na dama cikin riga, ka dubi na Tambai, wanzami ya shafe su tare."

Sarki ya yarda, don ya kunyata ta. Ya ce wa Hauni, "In na ɗaga kai, ka sara." Wanzami ya soma shafa. Sarki ya ƙura wa hannun Tambai ido, hannu mai kanta da tabon gizago, yana rawa a kan gungume. Can sai ya ji rawar a nasa jikin. Tsoro ya kama shi, ya ɗago kai zai ce a bari.

Hauni bai taɓa jinkirta umarni ba. Takobi ya sauka.

Ƙarar sarki ta rufe ta Tambai. Sarki ya zaro hannunsa daga riga, ga shi nan lafiya lau, babu ko ƙwarzane. Ya daɗe yana dubansa, hawaye na zuba. Sannan ya ce, "Gaskiyarki. A tone gungumen nan a ƙone. A kai Tambai gidana a yi jinyarsa."

Ungulu ta ce, "Allah ya ja zamaninka." Sai ta sauko daga katanga, domin tun safe ba ta ci kome ba.