Jirgin Mutum Huɗu

A unguwar Jambutu ta birnin Garwa akwai wani dillalin shanu da ake kira Alhaji Uba. Mutum ne mai sallah, mai kyauta, ba ya shiga sabgar kowa. Aibinsa ɗaya ne, kuma ya bi masa jiki har ya ɗauke shi wayo: ba ya faɗin gaskiyar yawan abin da Allah Ya ba shi. In ya lodo shanu tirela biyu daga Maiganga aka tambaye shi, sai ya ce 'yan maruƙa ne ya tsinto. In aka ce, "Alhaji, yara nawa ne yanzu?" sai ya kau da kai ya ce 'yan ƙalilan ne, alhali in aka sauke tukunya a gidansa sai ka ɗauka suna ake yi. Wai tsoron baki yake yi. To, baki kowa na tsoronsa, a al'ada ma babu mai ƙirga garken wani da yatsa. Amma na Uba ya wuce kawaici ya zama ƙarya tsagwaronta, don ko likita ya tambaye shi tun yaushe yake ciwo sai ya rage kwanakin.

Babban ɗansa Taufiƙ yana karatu a Duwala, kuma duk cikin 'ya'yansa babu wanda ya kai shi shiga ran uban. A can kudu ya koyi wani wasan ruwa: mutum ya sa ƙafafunsa cikin takalman da aka kafe a kan faffaɗan allo, ya riƙe doguwar igiya, jirgi mai inji ya ja shi da gudu har ya miƙe tsaye yana zamiya a kan ruwa. Da ya turo hoton bidiyo, gidan ya ɗauki ihu, ƙannensa suka dami uban da roƙo. Ana haka aka rufe wani masaukin baƙi a bakin tafkin Lagdo, Uba ya sayi farin jirginsu, babba mai kujeru, amma babu inji.

Taufiƙ ya ce masa a waya, "Baba, ka je wurin Fabien mai sayar da injinan jirgi a kasuwa. Duk abin da ya tambaye ka, ka gaya masa yadda yake."

Uba ya je. Ya tarar da wasu mahauta biyu da ya sani zaune a bencin shagon suna jiran gyaran janareta. Aka gaisa.

"Jam na, patron?" in ji Fabien, yana tambayar lafiyarsa da Fulatanci.

"Jam. Inji nake so, wanda zai ja yarona a kan allo."

"Bon. Mutum nawa za su shiga jirgin lokaci ɗaya? In uku ne ko huɗu, wannan mai ƙarfin doki sittin ya isa. In famille ne, iyali gaba ɗaya, sai wancan babban, mai ɗari da hamsin. Jirgi in ya yi nauyi, ƙaramin inji ba ya tayar da mai allo."

Kuɗin babban injin na cikin aljihun Uba, ba rowa ce ta kama shi ba. Waiwayawa ya yi ya ga mahautan nan sun kasa kunne.

"Mu huɗu ne," ya ce.

"Huɗu kawai, patron?"

"Na ce maka huɗu. Ko kai ka haifa mini su?"

Mahautan suka yi dariya, Fabien ya ba da haƙuri. Aka ɗora ƙaramin injin a mota, Uba ya tafi yana jin daɗin bai bari an ji cikinsa ba.

Da Taufiƙ ya zo hutu, suka je Lagdo gwaji, shi da uban da Habib, ƙanin Taufiƙ, wanda ya koyi tuƙin jirgin. Injin ya yi aiki lafiya. Jirgi ya ɗaga hanci, igiya ta miƙe, Taufiƙ ya tashi tsaye yana tsaga ruwa, Uba na ta "Masha Allah" baki ya ƙi rufuwa.

Ranar Lahadi aka kwashi gida gaba ɗaya. Uwargida Hajiya Habsatu, da 'yan mata, da samari, da jikoki, mutum goma sha huɗu. Ga kuloli na shinkafa da miya, ga gasasshen rago, ga jarkokin ruwa da tabarmi, don a tsibiri za a ci abincin rana. Da aka gama lodi, jirgin ya zauna cikin ruwa kamar tsohuwar kaza a kan ƙwai.

Taufiƙ ya duba injin, ya duba jama'a. "Baba, anya? A bar rabi a gaɓa mana, a yi sawu biyu."

"Fabien da kansa ya zaɓi injin nan."

"Ka gaya masa yawanmu?"

Nan fa Allah Ya sake ba Uba dama, a gaban ɗansa na cikinsa, inda babu mahauci babu baƙo. Amma harshen da ya saba bai san wata hanya ba.

"Na gaya masa," ya ce.

Taufiƙ bai taɓa ƙaryata ubansa ba. Ya sa rigar ruwa mai hana nitsewa, ya shiga jirgi. Da suka yi nisa da gaɓa, ya ɗaura takalman allon, ya zame cikin ruwa riƙe da igiya, ya ɗaga hannu. Habib ya ba injin wuta.

Injin ya yi kuka, ya yi hayaƙi, amma jirgin tafiyar jaki mai kaya yake yi. Taufiƙ ya yunƙura zai miƙe, ruwa ya mayar da shi. Ya sake yunƙurawa, ya sake komawa. Yara na dariya suna yi masa tsiya, wai ruwan arewa ya fi ƙarfin ɗan Duwala. Cikin wannan ja-in-ja babu wanda ya lura iska na tura su gefen wani tsibiri mai dogayen ciyayi.

Hajiya Habsatu ce ta fara gani. Bayan Taufiƙ, kusa da ciyawar, wasu ƙananan kunnuwa biyu suka ɓullo suna kaɗawa, sannan wani ƙaton kai ya biyo baya yana furzar da ruwa.

"Inna lillahi! Dorina! Alhaji, dorina!"

Dariya ta ɗauke ɗif. Dorinar da ɗanta take, an ratsa kusa da shi, ta nufo Taufiƙ tana ture ruwa da ƙirji.

"Ƙara wuta!" Uba ya daka wa Habib tsawa.

"Ƙarshen ƙarfin injin ke nan, Baba! Wallahi ƙarshensa ke nan!"

Uba ya dubi lodin da ke cikin jirgin. Jiya-jiya ya ga yadda jirgin nan ke tsere wa iska da mutum uku. Ya sunkuci kular shinkafa ya jefa a ruwa, ya jefa ragon, ya jefa jarkoki. Abin da ya fi nauyi a jirgin ba mai jefuwa ba ne. Mata da yara suka ruga baya suna kiran sunan Taufiƙ, gindin jirgin ya ƙara nitsewa, ruwa ya fara tsallakowa.

Taufiƙ ya waiwaya ya gani. Ba shi da damar iyo, ƙafafunsa biyu na ɗaure a allo. In ya saki igiya ya kwance su, an bar shi ke nan. Ya ƙanƙame igiyar ya yi kira da wata irin murya da uban bai taɓa ji a bakinsa ba.

"Baba! Ku ja ni!"

Uba da samarin suka kama igiya suna ja da hannu, tana yanka musu tafi, ba su ma ji ba. Taufiƙ ya matso, ya matso, har Uba yana ganin farin idonsa. Sai dorinar ta nutse. Ruwan ya kwanta shiru. Can kuma ya tsage, ta ɓullo baki buɗe ta kama allon, aka ji ƙarar fashewarsa kamar an sare icce. Igiya ta saki a hannunsu, suka zube a kan juna. Ruwan wurin ya rine ja.

Hajiya Habsatu ta faɗi sumammiya. Wasu masunta da suka jiyo ihun ne suka iso cikin kwalekwale suna buga garwa da sanduna, dorinar ta koma wurin ɗanta. Rigar ruwa ta taso da Taufiƙ. Suka tsamo shi da sauran numfashi, suka ɗaure masa cinya da igiyar kamun kifi. Ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa ƙasa babu abin da za a kira ƙafa.

A asibiti a Garwa likitoci suka ceci ransa, amma sai da suka yanke ƙafar. Uba ya kwana ya wuni a bakin ƙofa, ba ci ba sha, mutane na zuwa jaje yana kallonsu kamar bai san su ba.

Ranar da Taufiƙ ya farfaɗo sosai, ya daɗe yana kallon inda bargo ya kwanta babu komai a ƙarƙashi. Habib na tsaye a gefen gado, idonsa jajir.

"Fabien ne ya cuce mu," in ji Habib. "An gaya masa yawanmu, ya sayar mana da injin wasa. Wallahi yau sai jandarma sun rufe shagonsa, in ba su yi ba mu za mu yi."

Taufiƙ ya ce a hankali, "Ni ma abin da nake ta tunani ke nan. Baba, me muka yi masa?"

Hawaye ya gangaro cikin gemun Uba.

"Bai cuce mu ba. Ya tambaye ni, ya sake tambaya. Ni na ce masa mu huɗu ne."

Habib ya ja da baya har ya jingina da bango. Hajiya Habsatu ta dafe ƙirji tana kallon mijinta.

"Amma na tambaye ka a bakin ruwa, Baba," in ji Taufiƙ. "Ni na tambaye ka."

Uba ya miƙa hannu zai taɓa shi. Taufiƙ bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba. Ya janye hannunsa cikin bargo, ya juya fuskarsa ga bango.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Rufe sirrin gida daga masu tsegumi abu ne mai kyau, amma wanda ka je neman shawararsa ba ɗan tsegumi ba ne. Mai injin, da likita, da magini, duk a kan abin da ka gaya musu suke auna abin da za su ba ka, in ka rage gaskiya su ma ragagge za su ba ka. Kafin ka zaɓi abin da zai ɗauki iyalinka, auna shi da nauyin da zai ɗauka a ranar da kowa ya hallara. Kuma ka kiyayi ƙaryar da kake ganin ƙarama ce, domin sau da yawa ba mai yin ta ke fara jin ciwonta ba, wanda ya yarda da shi ne.