Reshen Dokta Sallau

An ce wai an yi wani sarki a Birnin Gawo, ana ce masa Sarki Barau. Tsoho ne tukuf, haƙoransa sun ƙare, amma kunnensa na jin abin da ake raɗawa a bayan katanga. A garin akwai jami'a, aka naɗa shi ubanta, don ya riƙa zuwa ranar yaye ɗalibai ya sa hula mai tunku ya yi gyangyaɗinsa. Ba wanda ya zaci wata rana za a kai masa rigimar da ta gagari masu digiri. Ni dai ba na gulma, Allah ya sani. Labarin nan daga bakin mai yi wa matar Waziri kitso na ji shi, ita kuwa ba ta ƙari sai ɗan abin da zai sa miya ta yi daɗi.

A jami'ar an yi wani Farfesa Gwadabe, masanin ƙwarin gona. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa a kan littafi guda, na cututtukan gero da dawa da masara. Da ganinsa ya fara raguwa, sai ya ce littafin nan ba zai bi shi kabari ba. Ya sa aka ɗora shi a intanet, inda kowa zai ɗauka a wayarsa kyauta. A shafin farko ya rubuta cewa kowa ya karanta, ya kwafa, ya fassara, ya rage, ya ƙara. Abu biyu kawai ya roƙa: a ambaci sunan wanda aka ɗebo daga wurinsa, kuma duk abin da aka gina a kai a bar shi a buɗe yadda aka same shi. Abokan aikinsa suka ce tsufa ya taɓa shi. Matarsa kuwa, an ce har azumi ya wuce ba ta sa masa man shanu a miya ba.

Farfesa ya rasu. Ba a jima ba wata baƙuwar tsutsa ta shigo ƙasar, mai shiga zuciyar masara ta cinye ta daga ciki, manomi na ganin ganye kore yana murna, ashe gawa yake yi wa noma. Littafin marigayi bai san ta ba.

To akwai ɗalibinsa da ya gaji kujerarsa, Dokta Sallau. A faɗi gaskiya komai ɗacinta: mutumin nan ya sha wuya. Damina bayan damina yana durƙushe a gonakin mutane, rana ta ƙona masa ƙeya, takalmansa suka mutu, 'ya'yansa suka girma ba su san shi ba sai da warin maganin feshi. Har Allah ya sa ya gano lagon tsutsar: lokacin da take kwanciya, da yadda ake tarar ta da toka da ganyen darbejiya tun ba ta nutse ba. Ya rubuta babi-babi ya liƙa a littafin malaminsa, littafi ya cika ya batse.

Ya kai aikin gaban kwamitin ƙarin girma, yana tsammanin a kira shi Farfesa. Suka juya shi, suka shinshina, suka ce, "Dokta, abin da aka watsar kyauta kamar tsabar kaji ba ma lissafa shi. Kawo wanda kamfani ya buga, ya kulle, ake neman izini kafin a taɓa." Ya fito yana kallon yaran da ya koya wa riƙe fartanya suna wuce shi da manyan riguna. Kura ta cinye, kare ne da haushi. A ranar ya sauke littafin duka daga inda kowa ke ɗiba, da nasa da na marigayi, ya sa masa lambar sirri, ya shiga neman kamfanin da zai buga.

Can cikin daji, a Rafin Ɗinya, akwai wata ƙaramar kwalejin noma a ƙarƙashin jami'ar, da wata malama a cikinta, Malama Hansatu. Rufin ɗakin karatunsu ya rufta, littattafan da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Ɗalibanta 'ya'yan manoma ne, iyayensu na aiko musu da saƙo guda: ku da kuke karatun noma, masara na mutuwa, me za mu yi? Ta roƙi Dokta ya buɗe mata littafin, ya yi biris da ita. Ta sake roƙo, ya ce a gaya mata yana taro. Sai wata ɗalibarsa mai tausayi da saurin hannu ta tura mata littafin. Hansatu ta zauna ta mayar da shi Hausa, ta rubuta sunan Gwadabe da na Sallau a gaba da manyan baƙaƙe, ta sake shi. Daga waya zuwa waya, kafin ka ce kwabo ya kai inda mota ba ta zuwa.

Da kamfanin da Dokta ya samo ya ji, ya ce ba ya sayen ruwan da ke gudu a kwata. Dokta Sallau ya kai ƙara, ya ce sata ce. Ya nemi a kori Hansatu, a kuma rubuta a takardarta cewa ɓarauniyar ilimi ce, yadda ba makarantar da za ta sake ba ta alli. Aka dakatar da ita. Matar da ke riƙe da tsohuwar uwa da ƙanne, aka wayi gari ko gaisuwarta ba a amsawa a ofis.

Jami'a ta kafa kwamiti. Suka zauna, suka sha shayi, suka ɗage. Rabi suka ce gumin mutum nasa ne, rabi suka ce wasiyyar mamaci ba abin wasa ba ce. Da suka ga kowace hanya akwai ƙaya, sai wani mai wayo ya tuna ai suna da uba. Aka tattara aka tafi fada.

Dokta ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ban ƙi marigayi ba, shi ya rene ni. Amma babin tsutsa ba shi ya rubuta ba. Ni na ci ƙasa, ni na sha rana. Idan mutum bai mallaki guminsa ba, me ya mallaka?"

Hansatu ta ce, "Ranka ya daɗe, ban musa ba, na ɗauka. Ban goge sunansa ba, ban karɓi ko goro ba. Na tarar da ƙofa an rubuta a kanta kowa ya shiga, ga kuma kwaɗo an ɗaura. Na rasa wanda zan bi, rubutun ko kwaɗon. Masara ba ta jira ni na gama tunani ba."

Sarki ya daɗe idonsa a rufe, har fadawa suka fara taɓa juna. Can ya ce, "Dokta, taku babba ce, mu ajiye ta. Tunda Allah ya kawo mini masanin tsiro har gida, taimake ni da wata ƙarama. Mahaifina ya dasa mangwaro a bakin hanyar kasuwa, sadaka ga matafiya. 'Ya'yansa ƙanana ne, ba komai a ciki sai gashi. Wani bawan Allah ya samo reshen mai kyau ya aura masa, ya ɗaure, ya yi ta jinya har ya kama. Yanzu 'ya'ya kamar kan jariri. Shi ne ya kewaye itacen duka da ƙaya. Gaya mini, ruwan da ya zama zaƙin nan, ta ina ya hau?"

Kun san mai ilimi, a tambaye shi abin da ya sani, sai ya manta abin da ya kawo shi. Dokta ya gyara zama ya ce, "Ta saiwar tsohon, ranka ya daɗe. Reshe ba ya shan ƙasa da kansa."

"To in mai reshe ya sare abinsa ya kai gida?"

"Zai bushe kafin..." Sai ya tsaya. Ya dubi Hansatu, ya dubi ƙasa. Amma ba maƙaryaci ba ne, ya ƙarasa a hankali, "Zai bushe, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Madalla. Ga hukuncina. Reshenka naka ne, ba mai ƙwace maka. In ka so, sare shi: ka tsame daga babinka duk abin da ya hau ta littafin Gwadabe, sunayen ƙwari, da hanyar gwaji, da duk inda ka ce a duba baya. Abin da ya saura ya tsaya da ƙafarsa, kulle shi, ni zan ba ka kwaɗo. In kuwa ka bar shi a jikin itacen hanya, to na hanya ne, ka kwashe ƙayarka. Sunanka ya zauna a kansa har abada, wanda ya goge shi, shi ne ɓarawo. Ita kuwa 'yar nan, ba a satar mangwaron sadaka. A mayar mata da allinta."

Fadawa suka ɗauki kirari. Dokta bai motsa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da zai saura in na tsame, na sani. Saiwa ba tawa ba ce. Amma shekarun nawa ne. Masu ƙarin girma sun ce ba sa ƙirga abin da aka bayar. Su kuma, wa zai yi musu shari'a?"

Sarki ya sunkuyar da kai, ya ce, "Wannan ta fi ƙarfina, ɗana. Ni a wurinsu hula ce ta ranar biki. Zan yi musu magana."

Ya kuwa yi. Suka gode masa ƙwarai, suka yi masa addu'ar tsawon rai, suka ce za su duba. Har sarki ya rasu suna dubawa.

Dokta ya cire lambar sirri da hannunsa. Hansatu ta koma Rafin Ɗinya da sunanta fes, sai dai ta tarar da aji rabi. Wata da watannin da kwamiti ya yi yana shan shayi, an hana kowa taɓa littafin, malaman gona suka ji tsoro suka goge shi daga wayoyinsu, tsutsa kuwa ba ta san an dakatar da kowa ba. Iyayen da rumbunsu ya tashi wayam suka kira 'ya'yansu gida, yawanci ba su dawo ba. Ta ci gaba da koyar da waɗanda suka rage, ba ta sake yin dariya irin ta da ba.

Sallau ya yi ritaya yana Dokta. Mai kitson nan ta rantse mini cewa ƙanenta ya gan shi a tasha yana jiran mota, riga duk ta koɗe. Wani manomi da ke kusa da shi ya ja shi da hira, ya ciro waya, ya shiga koya masa yadda ake tarar tsutsa da toka da darbejiya. Ya ce, "Baba, riƙe wannan da kyau, dabarar Sallau ke nan. Wani babban Farfesa ne, ya bayar da ita sadaka. Irinsu ba sa daɗewa, ai ya rasu tuni."

Tsohon ya saurara har ƙarshe, bai gyara masa ko kalma ba. Ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Manomi ya ce, "Amin," ya miƙa masa dafaffiyar masara.

Shi ya sa masu hankali ke cewa: wanda ya aura reshe a itacen hanya, ya shirya ganin baƙo na shan inuwarsa bai san fuskarsa ba. Kuma garin da ke auna mutum da tsayin shingensa, zai daɗe yana binne masu dashe da ƙananan sunaye.