Kunnen da Giwa Ta Kaɗa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

Duk ƙasar nan babu mai jin yaren giwa sai ni Ɗantani. Shi ya sa ranar da Giwa ta kwanta a kan dutsen su Rema ta ce nata ne, ni aka ɗauka tafinta.

Shekaru suka shuɗe tana nan kwance. Rema mai sanyin hali ya ce, "Mu bar mata sunan dutsen, ta bar mana kogunanmu da yarenmu. Wa zai iya ɗaga giwa?"

Bushiya ta miƙar da ƙayoyinta. "Kawu, gidan ubanka za ka roƙa aro? Gobe in ta juya kwanciya ta toshe kogon fa? Ta sauka gaba ɗaya."

"Da ƙayar taki za ki sauke ta?"

"Kai da ladabin naka, shekara nawa, ko taku ɗaya ta matsa?"

Suka hau dutsen wurin Giwa, kowa ya faɗi nasa. Giwa ta kaɗa kunne sau ɗaya. Rema ya ce ta yarda a zauna a sasanta. Bushiya ta ce tsoro ne ya kama ta. Har yau jikokinsu na gardama a kan kunnen nan, alhali ƙuda ta kora. Muryarsu ko gwiwarta ba ta kai ba, ita kuma ba ta ce uffan ba.

"To Malam Ɗantani," in ji Iya Dije da ke sauraron tatsuniyar daga bakin murhu, "in ba ta ce uffan ba, kai me ka fassara?"

Ke Dije, tuwonki na ƙonewa. Ƙurunƙus, na sauke ta a kan ɗan ɓera.